Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana: Majinyaci da Takardar Wasiyyarsa

Gabatarwa

A shekarar 2017 wasu likitoci na birnin Mayami, a jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, suka buga labarin wani majinyaci da ya ɗaure musu kai. Dattijo ne mai shekara 70, an kawo shi asibiti ranga-ranga, bai san inda kansa yake ba, babu takardar shaida a aljihunsa, babu kuma wani ɗan'uwa da ya biyo shi. Da aka buɗe rigarsa sai aka tarar da rubutu a fatar ƙirjinsa, irin zanen nan da ake yi da allura, wanda ba ya goguwa har abada. Abin da rubutun ke nufi shi ne, idan zuciyarsa ta tsaya kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. An ja layi a ƙarƙashin kalmar hanin, ga kuma sa hannu a ƙasa.

Da farko likitocin sun ƙi aiki da rubutun, suka ci gaba da ba shi magani, domin a ganinsu ba a yanke hukuncin da ba ya warwaruwa a kan abin da ake shakka. Daga baya suka nemi shawarar masu kula da ɗa'ar aikin likita a asibitin, waɗannan kuwa suka ce a mutunta abin da mutumin ya rubuta. Ana cikin haka ma'aikata suka gano takardarsa ta hukuma, wadda ya riga ya cike, ta kuma faɗi daidai abin da fatarsa ta faɗa. Jikin nasa ya ci gaba da tsananta cikin dare, har rai ya yi halinsa, ba tare da an danna ƙirjinsa ko an zura masa robar numfashi ba.

Tun ranar da na karanta wannan labari nake yi wa kaina tambaya ɗaya. Me zai sa mutum ya haɗa takarda da fata wajen faɗin magana guda? Amsar da na samu ita ce, bawan Allah nan bai yarda cewa takarda ita kaɗai za ta yi magana da yawunsa ba a ranar da bakinsa ya rufe. Ya kuwa yi gaskiya, domin fatar ce ta riga takardar isa gaban likita.

A wannan maƙala ina so mu dubi irin wannan takarda, da dalilin da ya sa ta gagari waɗanda aka yi ta dominsu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, sauƙaƙa ta haƙƙi ne da majinyaci ke bi bashi, amma kuma sauƙaƙawar tana da nata ramin da mai alƙalami zai iya faɗawa. Na kawo maganar wannan fili ne saboda tushen matsalar rubutu ne, mu kuwa rubutu ne sana'armu.

Mece Ce Wasiyyar Jinya?

Mai karatu ya san wasiyya a matsayin abin da mutum ke bari game da dukiyarsa da iyalinsa, wanda sai bayan ransa ake zartarwa. Wadda nake nufi a nan daban take, shi ya sa na kira ta wasiyyar jinya. Tana aiki ne mutum na da sauran numfashi, amma ciwo ya raba shi da hankalinsa ko da bakinsa, kamar wanda ya yi dogon suma, ko wanda ciwon mantuwa ya cinye. Iri biyu ce. A ta farko mutum yana bayyana irin maganin da ya yarda a yi masa da wanda bai yarda ba: a sa shi a injin numfashi ko kada a sa, a ciyar da shi ta roba ko kada a yi, a danna ƙirjinsa idan zuciya ta tsaya ko a ƙyale shi. A ta biyu yana naɗa wakili ne, wato wanda likita zai tambaya a madadinsa. Ya kamata a lura cewa wannan ba neman a kashe mutum ba ne don tausayi, wancan wata magana ce dabam. Hasali ma mutum na iya rubuta cewa a yi masa duk abin da likita zai iya, kada a rage komai.

Ci gaban aikin likita ne ya haifi wannan takarda. A da, idan numfashi ya tsaya magana ta ƙare. Da injuna suka zo, sai ya zamana ana iya riƙe gangar jiki watanni, har shekaru, alhali mai jikin bai san ana yi ba. Wani lauya na birnin Shikago, Luis Kutner, shi ya fara kawo shawarar a 1967, ya kuma buga ta a 1969. Amma abin da ya farkar da jama'ar Amurka shi ne labarin wasu 'yan mata biyu.

Ta farko ita ce Karen Quinlan, wadda ta faɗa dogon suma a 1975 tana da shekara 21. Iyayenta suka nemi a cire mata injin numfashi, aka ƙi, sai da kotun ƙoli ta jihar Niyu Jazi ta ba su dama a 1976. Abin mamaki, da aka cire injin ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai a 1985. A wannan shekara ta 1976 jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta ba wasiyyar jinya ƙarfin doka. Ta biyu ita ce Nancy Cruzan, 'yar jihar Misuri, wadda ta yi haɗarin mota a 1983 tana da shekara 25. Iyayenta suka nemi a cire robar da ake ciyar da ita, shari'a ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke a 1990 cewa jiha na da ikon neman hujja bayyananniya cewa abin da ita majinyaciyar take so ke nan. Nancy ba ta bar rubutu ba. Sai da wasu da suka taɓa aiki tare da ita suka fito suka ba da shaidar abin da suka ji daga bakinta, sannan aka cire robar, ta rasu a watan Disamba na 1990.

A wannan shekara majalisar Amurka ta yi dokar da ta fara aiki a ƙarshen 1991, wadda ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su tambayi duk baligin da aka kwantar ko yana da wasiyyar jinya, su kuma sanar da shi haƙƙinsa. A ido dai, rijiya ta ba da ruwa.

Inda Gizo Ke Saƙa

To, amma sai guga ya hana. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bincike-bincike masu yawa, ya nuna cewa kimanin kashi 37 cikin 100 ne kawai na manyan Amurka suka cike irin wannan takarda, wato mutum ɗaya cikin uku, bayan fiye da shekara ashirin da kafa doka. Kuma ba don babu buƙata ba. Wani binciken na 2010 a kan dattawan da suka rasu ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 sun kai matsayin da dole a yanke shawara kan jinyarsu gab da rasuwa, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗannan ba su cikin halin da za su iya yankewa da kansu.

Za a iya cewa ai mutane ne ba sa son zancen mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma idan muka tsaya a kansa mun bar jaki muna dukan taiki. A 2011 wasu masana suka bi dokokin jihohin Amurka ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar cewa dukkansu an rubuta su da harshen da ya fi ƙarfin wanda ya gama sakandare. Suka tarar cewa a lokacin jihohi 48 suna buƙatar sa hannun shaidu, ko hatimin jami'in tabbatar da takardu, ko duka biyun, jihohi 35 kuma ba su karɓar wasiyyar da aka faɗa da baki. Mai karatu ya ƙiyasta tsohon da ido ya raunana, ciwo ya ci ƙarfinsa, karatunsa bai yi nisa ba, ko kuma Turanci ba harshensa ba ne, a miƙa masa shafuka cike da kalmomin lauyoyi da na likitoci, a ce ya karanta, ya zaɓa, sannan ya nemo shaidu biyu waɗanda doka ta yarda da su. Wanda ba shi da kowa fa, kamar dattijon Mayami?

A ƙasar Indiya ma an ga irin wannan. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da wasiyyar jinya, amma ta gindaya sharaɗin cewa bayan shaidu biyu, sai alƙalin majistare ya sa hannu. Idan lokacin aiki da ita ya zo kuma, sai an kafa kwamitin likitoci har biyu, masu shekara ashirin a bakin aiki, sannan alƙalin ya sake zuwa ya gani da idonsa. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don kada magada masu kwaɗayi su gaggauta wa tsoho tafiya. Amma sakamakon shi ne takardar ta zama kusan ba ta amfanuwa.

A nan ne maganar ta zama ta ɗa'a. Haƙƙin da mutum ba zai iya kai hannu gare shi ba, sunansa kawai ya mallaka. Bugu da ƙari, takarda mai wuya ba kowa take cuta daidai ba. Mai ilimi da mai kuɗi za su kira lauya ya warware musu, talaka da baƙo da wanda ba shi da dangi su ne za su ninke ta su jefa a aljihu. Wanda ya fi wannan muni shi ne mutumin da ya daure ya sa hannu alhali bai fahimta ba. Wanda bai cike ba dai an san bai yi magana ba, za a nemi danginsa. Shi kuwa wannan, takarda za ta tsaya a gaban likita tana ba da shaida da sunansa a kan abin da bai taɓa nufi ba. Ni a ganina wannan shaidar zur ce, kuma wanda ya tsara takardar yana da kamasho a ciki.

Me ya sa ake rubuta ta da wuya? Domin mai rubutun yana da wani mai karatu a zuciyarsa, kuma ba majinyacin ba ne. Alƙali yake hange, ranar da za a yi ƙara. Kowace jimla an ɗaure ta tamau don kare asibiti da likita. Kare kai ba laifi ba ne, amma idan takardar da aka ce muryar majinyaci ce ta koma garkuwar wasu, to an ci amanar sunan da aka ba ta.

Da Aka Gwada Sauƙaƙawa

An gwada, kuma an ga bambanci. Wata likitar tsofaffi a birnin San Faransisko, Rebecca Sudore, ita da abokan aikinta suka sake rubuta takardar jihar Kalifoniya da harshen da ɗan aji biyar na firamare zai gane, da manyan haruffa da hotuna masu bayyana ma'ana, cikin Turanci da Sifaniyanci. A gwajin da suka buga a 2007, an raba wa majinyata kimanin 200 tsohuwar takarda da sabuwa. Mafi yawansu sun fi son sabuwar, kuma bayan wata shida kimanin kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka ba sabuwa sun cike, alhali kashi 8 ne kawai na masu tsohuwa. Mutanen dai su ne, tsoron mutuwar bai ragu ba, rubutu kawai aka gyara, adadin ya ninka har da ɗori.

Haka kuma a ƙarshen shekarun 1990 wani lauya a Fulorida, Jim Towey, ya fito da wata takarda mai buri biyar. Na farko wa zai yi magana a madadinka, na biyu wane magani kake so da wanda ba ka so, na uku yadda za a rage maka raɗaɗi, na huɗu yadda kake so a riƙa mu'amala da kai, na biyar abin da kake so masoyanka su sani. Mai karatu ya lura cewa biyu na ƙarshe ba su da alaƙa da injuna. Sun shafi abubuwa ne kamar a riƙe maka hannu, a yi maka addu'a a gefen gado, a isar da neman gafararka ga wanda ka ɓata wa. Wannan harshe ne da mai mutuwa ya sani, domin da shi ya rayu.

Indiya ma ta gyara. A watan Janairu na 2023, bayan ƙungiyar likitocin kula da masu tsananin ciwo ta koma kotu, aka soke sharaɗin sa hannun alƙali, aka ce hatimin jami'in tabbatar da takardu ko na babban ma'aikacin gwamnati ya isa. Aka rage shekarun ƙwarewar likitocin kwamiti daga ashirin zuwa biyar, aka kuma nemi kowane kwamiti ya ba da ra'ayinsa cikin awa 48.

Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Da maganar ta tsaya nan, da maƙalar ta ƙare. Amma akwai suka guda uku masu nauyi, kuma adalci ne a ba su haƙƙinsu.

Na farko, mai sauƙaƙawa yana iya zama mai jan linzami. A 2013 wani likita a birnin Filadelfiya, Scott Halpern, da abokansa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da majinyata 132 masu ciwon da ba ya warkewa. Takardun duk iri ɗaya ne, sai dai a wasu an riga an sa alama a gurbin da ke cewa a fifita rage raɗaɗi, a wasu an sa a gurbin da ke cewa a fifita tsawaita rai, a wasu kuma an bar gurabun fayau. Kowa na da damar soke alamar ya zaɓi nasa. Inda aka riga aka sa alamar rage raɗaɗi, kashi 77 cikin 100 suka zaɓi hakan. Inda ba a sa komai ba, kashi 61. Inda aka sa alamar tsawaita rai, kashi 43 kawai. Ko da aka bayyana musu daga baya yadda aka tsara gwajin, kusan duk sun bar zaɓinsu yadda yake. Wannan abin tsoro ne. Ɗan ɗigon alƙalami ya karkatar da mutane a kan maganar rayuwa da mutuwa. Haka kalma take. Idan ka rubuta "a bar ni in tafi cikin mutunci", ka riga ka gaya wa mai karatu cewa ɗaya zaɓin wulaƙanci ne. Idan ka rubuta "a yi iya ƙoƙari a ceci raina", ka riga ka gaya masa cewa ɗaya zaɓin sakaci ne. Asibitin da ke son rage kashe kuɗi zai iya fakewa da sauƙi ya tura talakawa hanya ɗaya.

Na biyu, mai lafiya bai san zuciyar mara lafiya ba, ko da kuwa shi ne. Masanin falsafa Ronald Dworkin, a littafinsa na 1993, ya ɗauko labarin wata mata da aka saya wa suna Margo, wadda ciwon mantuwa ya kama. Ɗalibin likitan da ya fara ba da labarinta ya same ta cikin farin ciki: tana cin abincin da take so, tana sauraren kiɗa, tana zana hoto iri ɗaya kullum. Sai Dworkin ya ce, mu ƙaddara tun tana da hankali ta rubuta cewa idan ta shiga wannan hali kada a yi mata maganin ciwon da zai iya kashe ta. Wa za a bi, ta jiya ko ta yau? Shi ya ce a bi ta jiya, domin ita ce ta san yadda take so labarin rayuwarta ya ƙare. Wata masaniyar shari'a, Rebecca Dresser, ta mayar masa da martani a 1995 cewa ta yau ce ke gabanmu, ita ke jin daɗi da zafi, kuma ta jiya ta yanke hukunci ne a kan halin da ba ta taɓa ɗanɗana ba. Na fi karkata ga Dresser a irin wannan yanayi, domin mutane da yawa kan ce gara mutuwa da gurguntaka, amma idan ta same su sai ka ga sun rungumi rayuwa. Gurbi ɗaya na e ko a'a ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Na uku, takarda ba ta da ƙafa. Wani babban bincike da aka buga a 1995, wanda ya shafi majinyata fiye da 9,000 a manyan asibitoci biyar na Amurka, ya nuna cewa ƙasa da rabin likitoci ne suka san lokacin da majinyacinsu ba ya son a farfaɗo da shi. Wasu masana biyu, Angela Fagerlin da Carl Schneider, har sun yi kira a 2004 da a haƙura da irin takardar da ke jera magunguna, a koma ga naɗa wakili. Shi kansa wakilin ba ma'asumi ba ne: wani nazari na 2006 ya nuna cewa wakilai kan yi kuskuren hasashen abin da majinyaci ke so kusan sau ɗaya cikin uku.

Matsayata

Shin waɗannan suka sun rushe maganata? Ina ganin sun gyara mata zama ne. Babu ɗaya cikinsu da ke cewa takarda mai wuya ta fi. Harshen lauya ma yana jan linzami, sai dai yana ja ne zuwa ga shiru. Abin da suka koya mana shi ne bambanci tsakanin sauƙin cikewa da sauƙin fahimta. Ana iya yin takardar da za a cike cikin minti biyu, ma'aikaci ya ƙirga ta cikin nasarorinsa, alhali mai ita bai san abin da ya sa wa hannu ba. Sauƙin da nake karewa shi ne wanda zai sa mutum ya iya maimaita abin da ya zaɓa da bakinsa, ya kuma faɗi dalilinsa.

Misalin garin La Crosse na jihar Wiskonsin ya nuna hanya. Tun daga 1991 asibitocin garin suka haɗa kai, bisa jagorancin Bernard Hammes, suka horar da ma'aikatan jinya da wasunsu su riƙa zama da majinyaci da iyalinsa ana tattaunawa, sannan a rubuta, a kuma ajiye rubutun a cikin fayil ɗin asibiti inda likita zai gani. Binciken da aka buga a 1998 ya nuna cewa kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka rasu a yankin suna da wasiyyar jinya, kuma kusan duka an same ta a inda ake nema. Hira ce ta zo farko, takarda ta biyo baya a matsayin mai ajiye abin da aka faɗa.

Saboda haka, takardar kirki a wurina tana da siffofi kaɗan. Ta fara da tambayar wakili, ta kuma matsa wa mutum ya zauna da wakilin nan su yi magana. Ta tambayi abin da ke sa rayuwa ta yi wa mutum daɗi kafin ta tambaye shi sunan inji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, likita kuma shi ya san injin da ya dace. Ta bayyana kowane zaɓi da kalmomi masu nauyi ɗaya, ba tare da an riga an sa wa kowane gurbi alama ba. Ta ba wakili sarari ya duba halin da ake ciki, saboda irin su Margo. Ta faɗa a sarari cewa mai ita na iya canza ta duk ranar da ya so, kuma muddin yana iya magana, bakinsa ya fi takardarsa. Daga ƙarshe, a rage shingayen shaidu zuwa gwargwadon abin da zai hana zamba, a kuma ajiye ta inda za a same ta da tsakar dare, don kada wani ya sake buƙatar rubutu a ƙirji.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, da masu shirin shiga wannan fage, me ya shafe mu da wannan? Mun saba ɗaukar cewa adabi shi ne ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo, rubutun fom kuwa aikin akawu ne. Amma da wuya a sami rubutun da ya kai wannan nauyi, domin ana karanta shi ne a ranar da marubucinsa ba zai iya cewa "ba haka nake nufi ba". Mu ma a asibitocinmu, wanda ya taɓa jinyar wani ya san takardar amincewa da ake miƙowa kafin a shiga ɗakin tiyata, galibi da Turanci, a nuna wa ɗan'uwa layi a ce sa hannu a nan, shi kuma ya sa cikin ruɗewa. Ranar da za a nemi mai mayar da irin waɗannan takardu cikin Hausa, daga cikinmu za a nema. Wanda aka ba wannan aiki ya tuna da darasin nan biyu: kada ya rubuta don burge alƙali ko malami, kada kuma ya zaɓa wa mai karatu da dabarar kalma. Ya ɗauki daftarinsa ya karanta wa tsohuwar da ba ta yi boko ba, ya ce ta faɗa masa abin da ta ji. Idan abin da ta faɗa ya saɓa da abin da ya nufa, laifin alƙalaminsa ne, ya koma ya sake.

Shi kuma mai karatu, ko da takarda ko babu, akwai abin da zai iya yi tun yau. Ya zaɓi wanda ya amince da shi, ya zaunar da shi, ya gaya masa abin da yake tsoro da abin da yake fata idan ciwo ya rufe masa baki. Rai da ajali a hannun Allah suke, amma nauyin yanke shawara a bakin gadon asibiti kan faɗa ne a kan ɗa ko mata ko ƙane, kuma tausayi ne a rage musu shi. Iyayen Nancy Cruzan sun shafe shekaru suna zirga-zirga a kotuna suna neman tabbatar da maganar da layi biyu na rubutu za su iya tabbatarwa. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.